Kawu Maleji da Fitilar da Ba Ta Kama Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, ashirin da ɗaya ga watan Agusta, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, wanda duk layin masu gyaran motoci suka sani da Baba Maleji. A asibiti ya cika, bayan ciwon zuciyar da ya daɗe yana fama da shi ya taso masa. Ina cikin shago, kaina a ƙarƙashin sitiyarin wata mota, sai mai facin da ke maƙwabtaka da mu ya zo ya tsaya a kaina. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ranar hularsa kawai yake murzawa a hannu. Ban tambaye shi komai ba. Na fito na rufe shago.

Kawu, ni ba mai ilimi ba ne, ka fi kowa sani, tunda kai ka ɗauko ni lokacin da makaranta ta gagare ni. Da ba zan yi wannan rubutu ba. To amma tun a wurin zaman makoki nake jin maganganu iri-iri a kan abin da ya kwantar da kai. Wani ya ce mota ce ta buge ka. Wani ya ce surukinka ne ya jawo. Wata ma cewa ta yi wai faɗa kuka yi da shi a tsakiyar titi. Ni na tuƙa babur ɗin a ranar, kana bayana. Don haka zan faɗi abin da idona ya gani, saboda 'ya'yanka da jikokinka su san irin mutumin da suka rasa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, allon nan da ke bayan sitiyari, mai nuna gudu da yawan mai da zafin inji, shi muke gyarawa, shi ne maleji. A 'yan shekarun nan samari suka fito da yayin canza masa fuska. Fuskar wata 'yar roba ce siririya kamar takarda, a jikinta aka buga lambobi. Mutum zai sayo fara ko shuɗiya mai haske, ya kawo a cire masa ta asali a sa sabuwa. A ido aikin ado ne kawai. Kai kuwa ba ka taɓa ɗaukarsa ado ba, kuma a nan ka sha bamban da sauran masu sana'ar.

Kafin ka taɓa allurar maleji ko ɗaya, sai mai mota ya je ya cika tanki, ya bar inji ya ɗau zafi, ka ga inda kowace allura ta tsaya, ka sa mata alama da salatif. Ka ce wanda ya cire allura bai san inda ya same ta ba, ƙarya zai mayar wa mai mota. Da cokali mai yatsu kake ɗaga su, ka zura shi a hankali ƙarƙashin kan allurar, ka ɗauke numfashi, ka ɗaga sama ɗoɗar ba karkacewa. Inna, matarka, ta gaji da neman cokulanta har ta daina tambaya, in ta ga sun ragu sai ta aiko a duba akwatin aikinka. Wasu a kan tsohuwar fuska suke manna sabuwa su huta. Kai sai ka ɓare tsohuwar, don ka ce in aka ruɓanya allura za ta riƙa goga tana maƙalewa. Kuma ba ka bari a taɓa fuska da hannu mai maiƙo. Yatsa ɗaya ya fito a jiki, to an koma baya, a sake kwancewa.

Amma abin da ka fi tsananta mana a kai shi ne tagogi. A jikin kowace fuska akwai 'yan tagogi ƙanana da ba a ganinsu sai haske ya biyo ta baya: ta batir, ta man inji, ta birki, da sauransu. Ta nan fitilun gargaɗi suke leƙowa su gaya wa direba akwai matsala. Ƙa'idarka biyu ce a kan wannan. Kafin a sa, a haɗa tsohuwa da sabuwa a ɗaga wa rana, a ga taga ta hau kan taga. Bayan an sa kuma, wanda ya yi aikin shi zai zauna a kujerar direba da kansa, ya murɗa makulli, ya ga kowace fitila ta kama da idonsa.

Na tuna wani direban tasi da ya yi ta tsalle a bakin shago yana cewa, "Baba, fasinja fa na jirana!" Ba ka ko ɗago kai ba ka ce, "Su jira, ai don su nake yi." Na tuna wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, da ta zo tana jin kunyar faɗin cewa ba ta ganin lambobin motarta sosai. Ka bi shagunan kayan mota ɗaya bayan ɗaya har ka samo mata fuska mai manyan lambobi, ka zaunar da ita a ciki, kana ƙara haske kana ragewa har ta ce ya yi mata. Da za ta tafi ka ce mata, "Hajiya, nawa na yi, saura likitan ido, kada ki ce ban faɗa ba." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na kuma tuna wani mai sayar da motoci da ya zo yana raɗa maka a kunne, wai ka liƙe masa fitilar inji da baƙin salatif kafin mai saye ya zo. Ka sa aka kawo masa shayi, ka jira ya sha, sannan ka ce, "To, ka sha namu, sai ka tashi. Nan ba a rufe wa mutum ido." Bai sake biyowa ta layinmu ba.

Haka ka rene ni a kan aikin, ba zagi ba duka, har na kai ina da tebur nawa da masu zuwa nemana da suna. In na yi aiki mai kyau ba ka yabo, sai dai ka duba ka ce, "Uhm," ka wuce. Wannan "uhm" ɗin naka ya fi mini yabon mutum goma.

Tun bara ciwon ya fara nuna kansa. Likita ya hana ka gudu, ya hana ka ɗaukar nauyi, ya ce ka guji tashin hankali. Inna ta sa aka sayar da babur ɗinka, kana ji kana gani. Akwai wata 'yar kwalba a aljihun gabanka mai ƙwayoyin da kake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya matsa. Idonka ma ya fara rauni, ko da yake ba ka son a ce. Manyan ayyuka sun dawo hannuna, kai kuma kana zaune kana sa ido.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, tun safe ake ruwa. Gari ya yi duhu, an kuma ɗauke wuta. Sai ga mijin Auta, 'yarka ta ƙarshe, wanda har yau muke kira Ango ko da yake ɗansu ya isa shiga makaranta. Ango mutumin kirki ne, ba wanda zai ce ba haka ba. Sai dai Allah Ya ɗora masa son motarsa. Mai faci yakan ce in hadari ya taso, Ango motar yake fara lulluɓewa kafin ya tuna shi ma yana jiƙewa. Ya shigo da kwali, a ciki fuskoki biyu farare iri ɗaya, ɗaya tasa, ɗaya ta abokinsa mai irin motarsa, wanda zai kawo tasa motar daga baya. Ya ce yau zai kai Auta da yaron gaishe da mahaifiyarsa a garinsu, yana so ƙannensa su ga malejin ya canza. Auta kuwa a lokacin cikinta ya tsufa.

Ina kan wata motar, na ce ya ɗan jira in gama. Ka ce a'a, aikin surukinka kai za ka yi da hannunka. Ka yi komai yadda ka saba, alama da salatif, cokali, tsumma mai tsabta. Da ka zo haɗa fuskoki, ka fita bakin ƙofa ka ɗaga sama, babu rana, sai gajimare baƙi. Ka ƙanƙance ido kana juya su. Ango yana gefe yana duba agogo, ya ce, "Iri ɗaya ce, Baba, ga ma sunan motar a jikin kwali." Gefe ya hau gefe, ramukan allura sun hau juna. Ka sa.

Kana ɗaure noti na ƙarshe Ango ya faɗa kujerar direba don ɗoki, ya murɗa makulli. Farin haske ya cika masa fuska, ya washe baki kamar yaro. Kana tsaye a bakin ƙofar motar, na ga hannunka ya ɗan miƙa, sannan ya koma aljihu. Da wani ne da tuni ka ce masa sauko. Amma mijin 'yarka ne, kana jin nauyinsa, ba ka iya ce masa tashi daga kujerarsa ba. Sai ka tambaya daga waje, "Fitilun duk sun kama?" Ya ce, "Tar, Baba! Duk sun kama." Ya yi godiya, ya ja mota zuwa gida ɗauko iyali.

Can ruwa ya tsagaita, rana ta ɓullo. Na ɗauki tsintsiya ina kore ruwan da ya shigo rumfa, sai na ga wani ɗigo a daidai inda tayar bayan motar Ango ta tsaya. Ko'ina ya fara bushewa, shi yana nan yana ƙyalli. Na kira ka. Ka durƙusa ka dangwala, ka murza tsakanin yatsu, ka kai hanci. Ka ce, "Man birki ne. Bututu ya tsage." Ka miƙe kana goge hannu, kana cewa ba komai, da man ya yi ƙasa jar fitila za ta gaya masa ya tsaya. Ba ka ƙarasa maganar ba.

Ban taɓa ganin fuskarka ta canza haka ba. Ka shiga shago da sauri, ka ɗauko tsohuwar fuskar da ka cire da ta abokin Ango da ke cikin kwali, ka haɗa su ka ɗaga wa rana. Na leƙa ta kafaɗarka. Tagar batir ta hau, ta man inji ta hau. Inda tagar birki take a tsohuwa, a sabuwar bango ne, haske ba ya wucewa ko kaɗan. Ashe ta wata shekarar ce, motar iri ɗaya amma an matsar da tagar birki can ɗaya gefen, inda babu ƙwan fitila a bayanta. Wato man birki zai tsiyaye har ya ƙare, fitila tana ta ci a ɓoye, Ango ba zai ga komai ba sai farar fuska mai kyau.

Duk wanda ya san hanyar garin su Ango ya san gangaren nan da ke bayan an fita gari, dogo ne, ga kwana a tsakiya, ga gada a ƙasa. Manyan motoci da ƙaramar giya suke saukarsa suna nishi. Shi ne a ranmu mu duka.

Na kira wayar Ango, tana ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Ta Auta a kashe. Ka juya wajen mai faci ka ce ya ba da makullin babur ɗinsa. Na ce, "Kawu, ka zauna, ni zan je." Ka ce, "In kai ne, zai taka birki sau ɗaya ya ce maka ga shi yana kamawa, ya yi maka dariya ya wuce. Ni ba zai wuce ni ba." Mai faci ya riƙe makullin a baya yana cewa, "Baba, ka rufa mini asiri, in Inna ta ji na ba ka babur ai kashina ya bushe." Ka ce, "In ta zo ka ce sata na yi. Miƙo." Ka cusa tsohuwar fuskar cikin rigarka, ka hau bayana.

Titi duk santsi, ramuka sun cika da ruwa, ba ka sanin mai zurfi sai ka faɗa. Ina so in yi gudu, ina tsoron in kayar da kai. Hannunka yana kan kafaɗata, ina jin nauyinsa yana ƙaruwa, ina jin numfashinka a bayan kunnena yana fita da wani ɗan sauti da ban so ba.

Muka isa gidansu, ƙofa a kulle. Maƙwabciyarsu tana shanya a waje ta ce yanzun nan suka tafi, har yaron yana ɗaga mata hannu. Ka sauka ka duba simintin ƙofar gidan. Ɗigon yana nan, kuma ya fi na shago faɗi. Ka koma kan babur. Muka nufi gidan man da Ango ya saba tsayawa ƙara wa taya iska, mai ba da iskar ya ce ai ya duba masa tayoyi, ya nuna hanyar fita gari da hannu. A nan ba ɗigo ba ne kuma, layi ne ya ja a ƙasa har bakin titi.

Ta madubi na ga ka zaro kwalbar nan ka jefa ƙwaya ƙarƙashin harshe, ka juya kai gefe wai kada in gani. Goshinka duk gumi, ga iska mai sanyi tana kaɗawa. Na ce, "Kawu, don Allah ka zauna a nan, in na same su zan kwanta a gaban motar in ta kama." Ka buge mini kafaɗa ka ce, "Tuƙa." Muryarka ta shaƙe amma ba wasa a cikinta. Na tuƙa.

Allah cikin ikonSa, wata babbar mota ta lalace dab da kan gangaren ta tare rabin hanya, motoci suka yi layi, wani mutum da jan tsumma a hannu yana sakinsu kaɗan-kaɗan. Na sauka gefen titi ina ratsawa cikin taɓo, kana leƙa motoci ɗaya bayan ɗaya. Jikanka ne ya fara ganinmu. Ya manna fuska a gilashin baya yana tsalle yana nuna mu, uwar ba ta waiwayo ba. Gilasai a rufe, kiɗa yana tashi a ciki. Motoci kaɗan ne tsakaninsu da mai jan tsumma. Na danna hon, hon ɗin babur ɗin mai faci kuwa kamar kukan ɗan tsako. A daidai nan tayata ta nutse cikin taɓo, babur ya mutu, mai tsumma kuma ya ɗaga hannu, layi ya fara tafiya.

Kafin in kafa ƙafa ka dire. Kawu, mutumin da likita ya hana hawa matakala da sauri, na ga kana gudu a gefen titi, riga tana kaɗawa, takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo ba ka waiwaye shi ba. Na yar da babur na bi ka, amma ka riga ni. Ka ratsa ta gaban wata motar, direban yana zaginka, ka faɗa gaban ta Ango ka buɗe hannuwa.

Na ga Ango ya zaro ido ya taka birki. Motar ba ta tsaya ba. Daga baya ya gaya mini ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka soso. A hankali take tafiya, amma tana tafiya, ta zo ta same ka. Ka dafa bonet da tafuka biyu kana ja da baya, tana turo ka, kana ja, ba ka kauce ba. Auta tana ihu a ciki tana dukan gilashi. Bayanka kuma, 'yan taku kaɗan, titi ya fara sunkuyawa. Na iso na daki ƙofar direba ina ihu, "Hambirki! Ja hambirki!" Ya fizgo shi da hannu biyu. Motar ta yi ƙara, ta girgiza, ta tsaya.

Na bayanmu suna ta hon. Na samo duwatsu na tare tayoyi, na buɗe bonet, na cire murfin robar man birki. Ƙaf, sai ɗan danshi a gindi. Na nuna wa Ango. Ya duba robar, ya duba gangaren, ya jingina da mota.

Kai kuma ka lallaɓa ka zauna a bakin titi, hannu a ƙirji. Da numfashi ya ɗan dawo maka, abin da ka fara faɗa shi ne, "Ango, ka yafe mini. Ni na rufe maka fitila." Ango ya zube a gabanka cikin taɓo da fararen kayansa yana cewa, "Baba, ni na gaggauta ka, ni na ce sun kama." Ka ce, "Kai ka ga waɗanda suka kama. Wadda ba ta kama ba aikina ne in neme ta." Auta ta fito da ƙyar tana riƙe da ƙugu, tana kuka tana faɗa a lokaci ɗaya: "Baba, so kake ka kashe mu da ranmu? Wa ya ba ka babur? Ina takalminka?" Sai ga jikanka ya taho a guje, ya ɗauko takalmin daga taɓo, ya riƙe shi nesa da jikinsa don kada ya ɓata riga. Ka yi dariya, dariyar ta koma tari.

Muka tare wata tasi da ta fito daga ɗaya hannun don ta kai ka asibiti. Kafin ka shiga ka zaro tsohuwar fuskar daga cikin rigarka ka miƙo mini. Ta jiƙe da gumi, amma ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ka ce in an jawo motar a gyara bututu, in mayar da ita.

To wannan shi ne abin da ya faru. Motar ba ta ji maka ciwo ba, ko ƙwarzane babu sai ɗan ja a tafin hannu. Ba kuma faɗa aka yi ba. Likita da bakinsa ya gaya wa Inna cewa zuciyar ta daɗe da gajiya, ko kana kwance a ɗaki abin zai iya zuwa. Ka yi kwanaki a asibiti, ka ji sauƙi har ana maganar sallama, sannan jiki ya sake rikicewa, wa'adi ya cika.

A kwanakin nan na ga wani abu da ya ƙara mini girmanka. Wani in ya yi kuskure a sana'arsa, addu'a yake kada kowa ya ji. Kai duk wanda ya zo duba ka daga layinmu, mai wayarin ne ko makaniki, sai ka zaunar da shi ka ba shi labarin tun daga farko, ka ce sunan mota a jikin kwali ba hujja ba ne, kuma ko uban mutum ne ya kawo aiki, a ce masa ya sauko daga kujera. Inna ta ce ka huta da magana, ka ce ai maganar ce hutunka. Ka sa na kira abokin Ango a gabanka na gaya masa tasa fuskar ba za ta shiga motarsa ba. Ni kuma kullum na shigo, kafin gaisuwa ta ƙare sai ka tambaye ni yaya shago, wa ya kawo aiki, na duba da kaina ko tambaya na yi. Mai faci da ya zo, ya tsaya nesa da Inna yana sunkuyar da kai, ka ce mata, "Ƙyale shi, na gaya miki sata na yi."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta yi haƙuri da kai da mu duka shekara da shekaru. Allah Ya ba ki juriya, Ya sa 'ya'yanki su share miki hawaye. Ina miƙa ta ga mahaifiyata, wadda ta rasa yaya kuma uba, da 'ya'yanka maza da mata, da jikokinka, da duk mutanen layinmu da suka rufe shagunansu suka raka ka. Auta, ki daina cewa saboda ke ne. Ubanki ya ga abin da zai iya yi ya yi, kuma ya rayu ya gan ki tsaye da ƙafafunki, abin da ya fita nema ke nan. Allah Ya sauke ki lafiya.

Kai kuma Ango, da kai nake yanzu. Tun ranar ba ka zo ɗaukar motarka ba, tana nan a rumfa na lulluɓe ta. An ce mini sayar da ita kake son yi, wai ba za ka iya sake zama a kujerar ba. Auta kuwa a motar haya take zuwa awo, ana matse ta da tsohon ciki. Kawu bai yi gudun nan don haka ba. An sa sabon bututu, an cika mai, an fitar da iska, na mayar da tsohuwar fuskar, na zauna na murɗa makulli, jar fitilar birki ta kama, na gan ta da idona. Ka zo ka ɗauki motarka ka kai matarka asibiti.

Kawu, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Allah Ya karɓi wahalar da ka sha ta zama kaffara, Ya saka maka da Aljanna Firdausi saboda rayukan da ka tare da hannunka. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da ka bar mana, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.